Bayan Samamen Layin Gareji

A shekarata ta shida a Doha ina tuƙa a-kori-kurar wata gona da ke Umm Salal. Bayan sallar asuba nake loda kokwamba da tumatir da ganyen salak, in bi shagunan Mansura ina saukewa, kafin rana ta buɗe sosai na gama. Motar tsohuwa ce, kuma ciwonta ɗaya ne, waya. Yau fitila ta ɗauke, gobe ham ya ƙi kuka, jibi a murɗa makulli ta yi shiru. Shi ya sa kusan duk wata sai na gangara Sanaiya, inda garejoji suka jeru layi bayan layi.

A can na san dattijon. Mutumin Zangon Kumasi ne, mai gyaran wayar mota, ya doshi shekara sittin, yana aiki a garejin wani Basudane. Ranar farko da na ji ya yi Hausa kaina na cikin mota, sai da na buge ƙeya da ƙofa wajen ɗagowa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Zai ce matata ya bugo waya, 'yata ya haihu, ni kuwa in yi ta murmushi har na saba. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Direba. Yana da ciwon suga, don haka shayinsa ba suga, kuma ba ya taɓa waya sai ya ɗora wani tsohon tabarau a karan hanci.

Mun yi fiye da shekara da sanin juna kafin ya gaya mini halin da yake ciki. Kamfanin da ya kawo shi ƙasar ya durƙushe, aka rufe ofis, ma'aikata suka watse kowa ya nemi inda zai raɓa. Bataƙarsa, katin zama ke nan da kowane baƙo yake yawo da shi a aljihu, ta ƙare ba wanda zai sabunta. Kafin a rufe ofishin kuma wani ya shigar da sunayensu a matsayin waɗanda suka gudu daga kafil, wato uban gidan da ya ɗauko su aiki, abin da ake kira hurub. Da aka ce doka ta sauya, ma'aikaci zai iya canja wurin aiki ba sai da yardar kafil ba, ya yi murna, Basudanen ma ya ce zai ɗauke shi da takarda. Sau biyu suna gwadawa. Duk sanda aka buga lambarsa sai hurub ɗin nan ya fito, a ce sai an fara warware shi. Wanda ya shigar da shi kuwa ba a san ƙasar da yake ba. Ya ce ya ji ana iya kai ƙara, amma yana tsoron ya shiga da ƙafarsa a hana shi fitowa. Sai ya ci gaba da gyaran waya.

Ran da abin ya faru Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe, lokacin zafi. Na kai motar saboda batir ba ya caji. Ya buɗe bonet, ya zaro wasu wayoyi, yana ta faɗa da wanda ya taɓa yi wa motar aiki kafin shi. Ina zaune a kan wata tsohuwar taya ina shan ruwa. Sai na lura ƙarar layin ta ragu. Layin gareji ba ya shiru, kullum guduma da injin yankan ƙarfe da rediyo. Na leƙa, na ga mota ta gitta a bakin layin ta gabas, wata ta gitta ta yamma, ga bas a tsaye.

Ba wanda ya daki kowa, ba wanda ma ya ɗaga murya. Jami'an binciken takardu ne suke bin garejoji ɗaya bayan ɗaya, suna cewa kowa ya fito da bataƙarsa. Na ga wani ya haura katanga ta baya, na ji faɗuwarsa a kan kwano. Dattijon bai motsa ba. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, ya cire tabarau ya ajiye a kan injin motata. Da suka iso, na miƙa tawa, aka duba aka mayar mini. Shi ya miƙa tsohuwar tasa. Jami'in ya danna lambar, ya dube shi, ya ce yalla, ya nuna bas. Basudanen ya biyo su yana bayani da Larabci, yana nuna furfurar dattijon, yana dafa ƙirjinsa. Aka ce masa ya zo ofis, shi ma akwai tambayar da zai amsa.

Da zai wuce ta gabana ya ce, "Direba, kada ka tada motar nan. Jan wayar ba a haɗe yake ba."

Na ce to, Baba. Ya wuce ya shiga bas.

Bas ɗin ya tafi da mutanen da ban ƙirga ba. Na dai san daga garejin da ke kallonmu an tafi da biyu, daga mai fenti an tafi da ɗaya. Layin ya zauna tsit har azahar. Wani ɗan Pakistan mai walda ya zo ya haɗa mini wayar, na ɗauki tabarau na sa a aljihu, na koma gona. Manajan gonar ya tambaye ni abin da ya tsare ni. Na ce gyara.

Da yamma na je ɗakin da dattijon yake kwana a Mansura, shi da mutum biyar. Gadonsa na ƙasa ne saboda gwiwa. Na tarar da maganin sugarsa a cikin gwangwanin madara, da carbi, da hotunan jikoki da aka manna a jikin katakon gadon sama, yadda in ya kwanta zai gan su. 'Yan ɗakin sun riga sun ji. Ɗaya daga cikinsu, shi ma ɗan Zango, ya ce matar dattijon ta bugo sau uku, ba wanda ya iya ɗagawa. Ni aka miƙa wa wayar a karo na huɗu. Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Na ce Mama, lafiyarsa ƙalau, maganar takarda ce. Ta tambaya ko ya tafi da maganinsa.

Muna da wani zama da muke yi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a falon wani gidan haya a Mansura. Ba ƙungiya ba ce mai rajista. Masu gadi ne da direbobi da masu aikin otal, 'yan Arewa da 'yan Zango, a ci shinkafa a tire ɗaya, a ji wa ya yi haihuwa a gida, wa aka yi wa rasuwa. Wanda muke ɗauka babba wani Alhaji ne mutumin Sakkwato, ya fi kowa daɗewa a ƙasar, direban wani gida ne tun yaran gidan suna ƙanana har suka yi aure. Wannan Juma'ar falon ya cika har ƙofa, kuma shinkafar ta yi saura.

An daɗe ana magana ba a fito da komai ba. Kowa yana ba da labarin wanda ya sani da aka taɓa kamawa. Sai wani mai gadi, mutumin Bauchi, ya ce shi fa gaskiya zai faɗa: ƙasar mutane ce, dokarsu ce, wanda takardarsa ta mutu ya san abin da ke jiransa, kuma duk wanda ya ɗaga kai a nan da jakarsa zai kwana a filin jirgi. Yana da 'ya'ya bakwai a gida, bai zo Doha gyaran doka ba. Wasu suka yi masa ca. Ni ban ga laifinsa ba, don abin da ya faɗa yana cikin kowa. Ɗan Zangon nan na ɗakin dattijon ya ce ba cewa ake kada a bi doka ba. Tambayarsa ita ce, mutumin da kamfani ya mutu ya bar shi, ya je da kansa sau biyu neman gyara, ga mai son ɗaukarsa aiki a tsaye, me ya sa za a zo a ɗauke shi daga kan injin kamar wanda ya yi sata?

Alhaji ya bari aka gaji. Sannan ya ce a nan ba a fita titi, ba a ɗaga kwali, wannan kowa ya sani, kuma shi ba zai sa ɗan kowa a hanyar da za a kore shi ba. Amma akwai ofishin da aka buɗe don karɓar koken ma'aikata, kuma bai taɓa jin an hana mutum rubuta takarda cikin ladabi ba. Ya dube ni ya ce, tun da na taɓa koyarwa a firamare kafin in zo, ni zan rubuta.

Kwana huɗu na yi a kan takardar da ba ta cika shafi ɗaya ba. Nakan rubuta a bayan takardun kai kaya, in na tsaya jiran mai shago ya ƙirga kwali. Duk abin da na rubuta da zafi sai in karanta wa Alhaji a waya, ya ce cire. Na rubuta zalunci, ya ce cire. Na rubuta cewa mu ma mutane ne, ya ce sun sani, cire. Abin da ya rage a ƙarshe kaɗan ne. Mun yi godiya da sauyin da aka riga aka yi wa dokar aiki. Mun roƙi a duba halin ma'aikacin da kamfaninsa ya rushe, a ba shi hanyar wanke sunansa ba tare da an tsare shi ba. Mun ce in za a binciki takardu, a kira mai gareji da ma'aikacinsa ofis a ba su wa'adi, maimakon a tare layi ana tsakar aiki, domin tun daga ranar har masu cikakkiyar takarda ba sa iya tsayawa su yi aiki da natsuwa. Basudanen ya mayar da ita Larabci, ya ƙawata gaisuwar farko da ta ƙarshe yadda suke yi.

Sa hannu ya fi rubutun wuya. A falonmu mutane da yawa sun ce a kawo, da aka ce har da lambar bataƙa sai hannaye suka koma aljihu. Ban matsa wa kowa ba. Abin da ban zata ba shi ne masu garejin. Basudanen ya ɗauki takardar ya bi layin da ita da kansa, duk da shi ma ana kiransa ofis a kan ya ba mutum aiki ba takarda. Mai waldan nan ya sa hannu. Wani ɗan Siriya mai sayar da kayan gyara ya sa, ya buga hatimin shagonsa, ya ce shekara nawa yana aika wa dattijon motocin da suka gagari kowa. Wani ɗan Nepal mai wankin mota ya dangwala yatsa. Wasu sun karanta sun girgiza kai sun mayar. Mutumin Bauchi bai sa hannu ba, amma ranar da za mu kai takardar shi ya karɓi aikin ɗan Zangon nan na rana ɗaya don wancan ya samu raka mu.

Kafin nan na samu ganin dattijon a inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na kai magani da tabarau da kaya kala biyu. Ya rame, gemunsa ya fito fari fat, amma ya ce ana ba su abinci, likita ma ya duba shi. Na ba shi labarin takardar, ina ɗan ƙara mata gishiri don ya ji daɗi. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ku kai. Amma ni kada ku sa rai. Na riga na sa hannu zan tafi."

Na ce, "Baba, da kun ɗan jira."

"In jira me? Na gaji da jin ƙarar mota a bakin layi ina duba ko tawa ce. Shekara uku ban yi barcin rana ba." Ya gyara tabarau. "Ku kai saboda na baya."

Mu huɗu muka je: Alhaji, da Basudanen, da ɗan Zangon, da ni. Alhaji ya sa babbar riga. Muka ɗauki lamba muka zauna a cikin sanyin na'ura har ƙafata ta yi tsami. Wanda ya karɓe mu matashin jami'i ne, ya tashi ya gaida Alhaji, ya sa aka kawo ruwa. Ya karanta takardar har ƙasa, ya juya ya duba sa hannun. Ya ce ba shi ke yanke irin wannan hukunci ba, amma zai shigar da ita ya tura gaba, kuma duk wanda yake da irin matsalar dattijon gara ya zo da kansa tun kafin a same shi a wurin aiki. Alhaji ya ce ai tsoron zuwan ne ya kawo mu. Jami'in ya gyaɗa kai, ya buga hatimi, ya ba mu wata 'yar takarda mai lamba. Duka bai fi minti goma ba.

Muka shiga mota muka nufi Mansura. Basudanen ya ce halas, wato shi ke nan, mun yi namu. Alhaji ya ninke 'yar takardar ya ba ni ya ce in adana. Na sauke su, na wuce Umm Salal da kwalayen da ba kowa a ciki suna ta kaɗawa a baya.

Ni na haɗa wa dattijon kayansa. Jaka ɗaya aka yarda, kuma da iyakar nauyi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙasar. Na zauna a bakin gadonsa ina ɗagawa ina ajiyewa: bargo ya tsaya, tukunyar lantarki ta tsaya, atamfofin da ya saya wa matarsa suka shiga, hotunan na ɓamɓare su a hankali na sa a cikin littafin addu'o'insa. Kayan aikinsa sun fi komai nauyi. Ya aiko cewa a sa masa mitar gwajin wuta da filaya biyu, sauran a bar su a garejin, duk wanda ya zo bayansa ya yi amfani da su. Muka ɗora jakar a kan sikelin mai shagon ƙasa sau uku kafin ta yi daidai. Ba mu ga tafiyarsa ba, daga can aka wuce da su filin jirgi. Sai da ya sauka matarsa ta turo saƙon murya, ana jin hayaniyar yara a bayanta, tana ta sa albarka.

Bayan haka na ɗauka zance ya ƙare. Amma labari ya bazu cewa akwai direban gona mai rubuta takarda. Duk Juma'a sai in tarar da mutum biyu ko uku suna jirana a bakin falo, kowa da wayarsa a hannu da hoton wata takarda da bai gane ba. Wani kafil ɗinsa ya ƙi sakinsa, wani bai ma san an sa masa hurub ba sai da ya je asibiti. Ni ba lauya ba ne. Na koyi abin da na koya daga yawan tambaya da yawan zama a kan kujerun jira. Wasu an dace, sun canja aiki. Wasu na ce musu gaskiya ban san yadda za a yi ba, suka tafi suna ganin kamar rowa na yi musu. An sake tare wani layin a Sanaiya bayan 'yan watanni, na ji a waya ina tsakar sauke tumatir, na tsaya na ɗan jingina da mota, sannan na ci gaba da saukewa.

Daga baya aka sanar da wa'adin afuwa, cewa masu matsalar takarda su fito su daidaita zamansu ko su tafi ba tare da an tsare su ba. A falonmu wasu suka ce takardarmu ce ta yi aiki. Alhaji ya yi dariya ya ce kada mu ɗora wa kanmu abin da ba mu sani ba, ƙasa guda ba ta juyawa saboda shafi ɗaya daga layin gareji, amma ba mamaki irin tamu da yawa ne suka taru a teburin wani. Ni abin da na lissafa daban ne. Watanni bakwai ne tsakanin safiyar da aka ɗauki dattijon da ranar sanarwar. Ban buga masa waya na gaya masa ba. Ɗan ɗakinsu ya gaya masa, ya ce ya yi hamdala, ya tambayi lafiyar kowa.

Makonnin afuwar su suka fi gajiyar da ni a duk zamana a Doha. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa fitowa daga gonaki da ɗakunan bayan sito, wasu sun yi shekaru ba su taka babban titi ba. Ba su yarda ba tarko ba ne. Sai in gama kai kaya, in ɗauki mutum ɗaya ko biyu a gaban mota in kai su bakin ofis, don in sun ga wani ya shiga ya fito su ma su iya shiga. Matata a Zariya ta fara tambaya ko na ƙara wani aikin ne, don in ta kira muryata a dushe take. Na ce kusan haka.

Na ƙarshen da na kai wani makiyayi ne mutumin Yobe, yana kiwon awaki a wata gona da ke gaba da tamu. Tun daga Umm Salal yake riƙe da ledar takardunsa da hannu biyu a kan cinya. Da muka iso ya ƙi sauka. Ya ce in ba shi minti biyar. Na kashe mota na sauke gilashi, zafi ya shigo. Muna kallon masu shiga da fita, yana tambayata wancan da ya fito dariya yake ko kuka, ina ce masa daga nan ba na gani.

Can ya ce, "Malam, in ban fito ba, awakin nan ba a ba su ruwan yamma ba."

Na ce zan biya in gaya wa mai gonar. Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya tsallaka titi a hankali, ya shiga layi a bayan wasu 'yan Bangladesh. Na matsar da motar ƙarƙashin wata 'yar inuwa, na kwantar da kujera, na jira shi har bayan la'asar. Ya fito da takarda a hannu, an ba shi ranar da zai dawo. Na mayar da shi gona, na tsaya har ya buɗe wa awakin famfo, sannan na tafi wanke mota saboda lodin gobe.